Masu shirin tafiya aikin bishara waje, ga amsoshinku a wuri ɗaya

Tun da na dawo gida Wusasa daga Nijar kusan babu Lahadin da za a tashi daga sujada wani matashi bai tare ni a bakin majami'a ba, kuma tambayoyin iri ɗaya ne kullum. Shekara 6 na yi a wani gari can jihar Damagaram. Na gaji da maimaitawa gaskiya, to ga shi na rubuta, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Baba, tunda can ma Hausa ake yi ai ba sai na koyi wani yare ba ko?

Wa ya gaya maka? Nan ne fa 'yan Najeriya muke faɗuwa, muna jin Hausa sai mu ɗauka mun iso gida. Can makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, unguwa kartiye, in aka ce an kai mutum likita to asibiti ake nufi. Takardun ofis kuma Faransanci za ka tarar. In Chadi aka tura ka akwai Larabcinsu, in Garwa ko Marwa ne a Kamaru sai Fillanci. Likita Mila ma, Baturen mishan ɗin da ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya shigo ƙasar nan, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Bature ya yi wannan wahalar saboda mu, kai kuma kana ƙyashin koyon gaisuwar mutane.

Yalo kad dole ne?

Dole. Ka yi allurar shawara, ka sa katin cikin fasfo ɗinka.

Me zan ɗauka?

Gidan sauro, maganin zazzaɓi, Littafinka. Kar ka kwashi buhun masara don Allah, can ma ana cin abinci.

Yaushe zan fara wa'azi?

Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai. Ko hanyar rijiya ba ka sani ba tukuna kana maganar lasifika. Watannin farko aikinka gaisuwa ne, ka nemi dattijon ikkilisiyar garin ya raka ka wurin mai gari ko mai unguwa, ka cire takalmi, ka durƙusa yadda aka koya maka a gida. Ka je suna, ka je ta'aziyya, ka je dubiya, ka zauna a bencin mai shayi ka yi shiru ka saurara. Da ɗan gari ake cin gari. Kuma waɗannan mutanen ba tsani ba ne da za ka taka ka rubuta rahoto, maƙwabtanka ne, in ba ka ƙaunarsu da gaske za su gane tun kafin wata ya mutu.

Kuɗi fa?

Ka koyi ƙidaya da dala. Satina na farko na tsaya wurin wata mai tumatir ta ce min dala ashirin, na miƙa mata kwandalar sefa 25 ina jiran canji, ta juya ta a tafin hannu ta dube ni ta ce malam kai baƙo ne ko? Dala ɗaya sefa 5 ce, wato sefa 100 take nufi. Jika kuma can sefa 1000 ce, ba naira 200 irin tamu ba. Sannan tun kafin ka tashi ka zauna da kwamitin da ke tura ka ku yi magana a fili, domin tallafin da naira za a aiko, in ta faɗi abin da zai shigo hannunka bayan canji raguwa zai yi alhali kuɗin haya yana nan inda yake.

In an tambaye ni me ya kawo ni, in faɗa ko in ɓoye?

To wannan kam ba ni da amsa guda ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda ɗaya ka yi hattara da shi. Abin da na tsaya a kai shi ne kar ka yi ƙarya. In ka ce kai ɗan kasuwa ne alhali ko shago ba ka da shi, ƙaramin gari ne, cikin kwana kaɗan kowa ya sani, daga nan kuma ba mai sake yarda da maganarka har a kan abin da ya kawo ka ɗin. Ni tun ranar da na kama haya na gaya wa mai gidan, wani Alhaji ne, cewa ni Kirista ne kuma aikin ikkilisiya ya kawo ni. Ya ɗan yi shiru, ya ce ba komai malam, a dai zauna lafiya. A watan Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, shi wannan Alhajin ne ya ƙwanƙwasa min ƙofa da dare da tocila a hannu ya ce in kwaso iyalina mu koma cikin gidansa, matansa suka shimfiɗa wa maiɗakina tabarma a ɗakinsu. Ina ganin da na yaudare shi tun farko da ba haka ba. Amma fa, kuma amman nan babba ne, wannan garina ne da lokacina, ba zan ce haka ko'ina yake ba. Akwai inda faɗin komai ga kowa ba kai zai cuta ba, masu bi 'yan garin zai cuta, kai kana da fasfo gobe ka hau mota ka dawo Zariya, su kuma nan uwayensu da gonakinsu suke. Saboda haka rashin ƙarya daban, tallan kai daban, ba kowane mai kabu-kabu ne sai ka ba shi tarihinka ba, kuma don Allah ku daina sa hoton wanda aka yi wa baftisma a Facebook don mutanen gida su yaba muku. Wurin hukuma kuwa abin da ke cikin takardarka ya zama shi kake yi. Da can ɗan Najeriya na shiga Nijar ya yi kwana 90 ba biza saboda ECOWAS, yanzu Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita tun Janairun 2025, to ka bincika abin da ake bi a lokacin tafiyarka, kar ka dogara da yadda na yi. In ka rasa ta cewa ka tambayi shugabannin ikkilisiyar wurin, abin da suka ce ka bi ko da kana ganin ka fi su karatu.

In an kawo min naman Sallah?

A Tudun Wada in maƙwabcinku ya aiko mayarwa kuke yi? Ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, Kirsimeti kai ma ka aika da shinkafa.

Baba ina tsoron kewar gida.

Za ta zo ƙanena, kar wani ya ruɗe ka. Ni ba a satin farko ta kama ni ba, sai wajen wata na uku da ɗoki ya wuce, wata safiyar Lahadi muna mu kaɗan a ɗakin sujada na tuna ƙungiyar zumuntar mata na kaɗa tulu a Wusasa, sai hawaye kawai. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, kuma ba alama ce ta ba a kira ka ba. Ka kira Mama sau ɗaya a sati ku sha hira, amma kar ka kwana kan WhatsApp kullum da 'yan gida alhali mutanen layinku suna zaune a ƙofar gida suna jiran ka fito.

In tafi da iyali tun farko?

In da hali ka riga su da wata ɗaya ko biyu, ka samu gida mai ruwa kusa, ka duba lakwal ɗin da yara za su shiga, sannan ka dawo ka ɗauke su.