Aikin Sa-kai Mai Haɗe da Karatu a Tsakanin Yahudawan Amurka

Aikin sa-kai mai haɗe da karatu tsari ne da ƙungiyoyin Yahudawa, galibi a Amurka, suke bi wajen tura matasa su yi wa mabuƙata hidima, sannan a zaunar da su su nazarci abin da littattafan addininsu suka ce game da talauci, haƙƙin baƙo da adalci. Masu gudanar da shi sun haɗa da malaman addini da ake kira rabbi, malaman makaranta, ma'aikatan jin daɗin jama'a da tsofaffin 'yan siyasa. Yawancin waɗanda ake yi wa hidimar ba Yahudawa ba ne.

Kalmomin da aka gina aikin a kansu

Kalmomi uku na Ibrananci ne ba sa barin bakin masu wannan aiki. Ta farko ita ce tzedakah, wadda ta fito daga tushe ɗaya da kalmar Larabci da Hausa ta ara ta zama sadaka. Sai dai a Ibrananci ma'anarta ta fi karkata ga adalci, wato haƙƙi ne da ake sauke wa, ba alfarma ba. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus wajen 1138 ya kuma rasu a Masar a 1204, ya kasa ta matakai takwas. Mafi daraja a wurinsa shi ne a ba mutum jari, rance ko aikin yi har ya daina buƙatar taimako.

Ta biyu gemilut hasadim, wato kyautatawa da jiki da lokaci, kamar gaida marar lafiya da binne mamaci. Ta uku, wadda ta fi yaɗuwa a yau, ita ce tikkun olam, ma'ana gyaran duniya. Tarihinta ya fi na sauran sarƙaƙiya. A cikin Mishna, kundin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, kalmar tana nufin gyare-gyaren doka da malamai suka yi don kada jama'a su shiga ƙunci, misali a kan takardar saki da kuma bashi. A ƙarni na 16 almajiran Ishaƙu Luria, malamin ilimin baɗini na garin Safed, suka ba ta ma'anar gyara ɓarakar da ta auku tun farkon halitta ta hanyar ibada. Ma'anarta ta yanzu, wato fafutukar kyautata rayuwar al'umma, ba ta kankama ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Tarihi

Tushen aikin yana komawa ga lokacin da Yahudawan gabashin Turai suka riƙa kwarara New York a ƙarshen ƙarni na 19. A 1889 aka kafa Educational Alliance a unguwar Lower East Side don koya wa baƙi Turanci da sana'a. A 1893 wata ma'aikaciyar jinya, Lillian Wald, ta fara aikin da ya zama gidan Henry Street, cibiyar taimakon talakawa a New York, a shekarar da Hannah Solomon ta kafa majalisar matan Yahudawa ta ƙasa a Chicago. Waɗannan sun fi mayar da hankali kan 'yan'uwansu baƙin haure. Wajen 1950 ne aka sami ƙungiyar American Jewish Society for Service, wadda ta riƙa kai matasa yankunan talakawa lokacin hutun bazara su yi gini da gyaran gidaje.

Siffar da aka san aikin da ita yanzu ta bayyana ne daga shekarun 1980. A 1985 Larry Phillips da Lawrence Simon suka kafa American Jewish World Service a Boston. A 1988 Rabbi Sid Schwarz ya kafa Panim, wadda ta riƙa kawo 'yan sakandare Washington su koyi yadda ake tunkarar 'yan majalisa.

Shekarar 1998 ta zo da abubuwa biyu. Ruth Messinger, wadda ta shugabanci gundumar Manhattan, ta kuma sha kaye a hannun Rudy Giuliani a zaɓen magajin garin New York na 1997, ta karɓi ragamar American Jewish World Service, ta riƙe ta har 2016. A zamaninta ƙungiyar ta tura ɗalibai da malaman addini masu neman ƙwarewa zuwa Afirka, Asiya da Latin Amurka, kuma tana cikin waɗanda suka assasa gamayyar ceto Darfur a 2004. A wannan shekara ta 1998 ɗin Rabbi David Rosenn ya kafa Avodah a New York. Sunan yana ɗauke da ma'ana biyu a Ibrananci, aiki da kuma bauta. Tsarinta ya yi kama da na ƙungiyoyin sa-kai na Kiristoci: matasan da suka gama jami'a suna zama gida ɗaya tsawon shekara guda, kowa yana aiki a wata ƙungiyar yaƙi da talauci da ɗan alawus kaɗan. Daga baya ta buɗe rassa a Washington, Chicago da New Orleans.

Guguwar Katrina ta 2005 ta faɗaɗa aikin sosai, domin ƙungiyar ɗalibai ta Hillel da wasunta sun yi ta kai matasa New Orleans su kwashe ɓaraguzai da gyara gidaje. A 2009 aka kafa Repair the World, wadda sunanta fassarar tikkun olam ne. Wajen 2013 ta fara zaunar da nata matasan a birane irin su Detroit, Baltimore, Pittsburgh da Philadelphia.

A Isra'ila, Rabbi Micha Odenheimer ya kafa Tevel b'Tzedek a 2007, mai aiki a ƙauyukan Nepal.

Yadda ake gudanarwa

Aikin mai gudanarwa ya rabu biyu. Yana nemo ƙungiyar unguwa da za ta karɓi 'yan sa-kai, yana kuma shirya darasin da zai biyo baya. Da safe za a ga matasa a ɗakin rabon abinci suna jera gwangwanaye a kwali. Da yamma sai a miƙa wa kowa takarda guda mai ɗauke da nassi da Ibrananci a gefe, fassararsa a ɗaya gefen. Su zauna biyu-biyu, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗayan ya ja da shi. Wannan salon karatu tsoho ne a makarantun addininsu, sunansa hevruta. Nassin da ake yawan kawowa shi ne na Littafin Firistoci na Attaura, sura 19, inda aka umarci manomi kada ya girbe gefen gonarsa, ya bar wa matalauci da baƙo. Tambayar da takan biyo baya ita ce mene ne gefen gona ga mai cin albashi a birni.

A gidajen zaman tare akwai ƙananan matsaloli da mai gudanarwa yake sasantawa. Mai kiyaye dokar abinci ta kosher da wanda bai damu da ita ba tukunya ɗaya ce ta haɗa su, haka mai hutun Asabar da mai kunna wayarsa ranar.

Kuɗi

Galibin kuɗin daga gidauniyoyin iyalai masu hannu da shuni yake fitowa. Gidauniyoyin Schusterman, Jim Joseph da Nathan Cummings ne suka ɗauki nauyin kafa Repair the World.

Saɓani

Masu suka suna cewa tafiyar mako guda ta fi amfanar baƙon a kan mai masauki, kuma kuɗin jirgi da zai ɗauki ma'aikatan gida aiki. American Jewish World Service ta daina tura 'yan sa-kai a shekarun 2010, ta koma ga tallafa wa ƙungiyoyin ƙasashen da kansu. Wasu malamai masu ra'ayin riƙau suna ganin an cika faɗaɗa tikkun olam har ta koma siyasar masu sassauci. Batun Isra'ila da Falasɗinu kuma yana raba kan ma'aikata, 'yan sa-kai da masu ba da kuɗi.