Mene ne "safilimentari" a neman gurbin jami'a?

Da zarar jami'o'i sun fitar da jerin farko na sunayen waɗanda suka ba gurbi, kalmar nan sai ta cika shagunan intanet na Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Ƙwaya: "Sunansa bai fito ba, sai dai a jira safilimentari." Iyaye da yawa sun ɗauka wata alfarma ce da sai mai uwa a gindin murhu. Ba haka abin yake ba.

Kalmar daga Turanci aka aro ta, ma'anarta ciko. Kowace jami'a akwai adadin ɗaliban da hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince ta ɗauka. Bayan zagayen farko guraben ba sa cika. Wani an ba shi gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua amma ya wuce wata makarantar. Wata sakamakon NECO ya fito ba ta ci Lissafi ba. Wani kuɗin rajista ne ya gagare shi. Ga kuma kwasa-kwasan da tun asali masu nemansu ba su kai yawan kujerun ba. Waɗannan guraben da suka rage su ake sake buɗewa ga waɗanda ba su samu ba. A Ingila ma akwai irinsa, hukumar UCAS ke gudanar da shi daga Yuli zuwa Oktoba, suna ce masa kiliyarin.

Inda gizo ke saƙa shi ne kwas. Likitanci da lauya da aikin jinya da wuya su yi saura, don masu nemansu sun ninka kujerun. Abin da ke raguwa galibi fannin koyarwa ne, da aikin gona, da zallar kimiyya irin su Fizis. Yaron da ya kafe a kan likitanci alhali makinsa na jarrabawar JAMB cikin 400 bai kai ba, safilimentari ba ta da abin da za ta yi masa. Wanda ya yarda ya sauya kwas, ko ya sauya makaranta zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Sufuri ta Daura, shi ke da rabo a ciki. Ni dai a ganina, zaman shekara guda a gida saboda sunan kwas ya fi sauyin tsada, sai fa in yaron na da tabbacin zai ƙara maki sosai a baɗi.

Tun 2017 JAMB ta fito da manhajar CAPS, kuma ta nan kowane gurbi ke bi, na farko ne ko na ciko. Jami'a kan iya turo wa ɗalibi tayin wani kwas daban a shafinsa, shi kuma ya karɓa ko ya ƙi. Sharaɗin dai sakamakon WAEC ko NECO, kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi a kwasa-kwasan da ke buƙatarsa, ya kasance an ɗora shi a shafin. Yara da dama makinsu ya isa, rashin wannan ɗorawar kaɗai ya hana su.

Shi ya sa duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai saka suna a safilimentari, a tambaye shi ko zai fito a CAPS. Gurbin da bai bi ta can ba JAMB ba ta san da zamansa ba, kuma asirin kan tonu ne bayan shekara huɗu, lokacin tafiya bautar ƙasa.