Masaƙun Algarara na Gwamnatin Bangladesh: Tambayoyi da Amsoshi

Da me ake saƙa buhun algarara?

Da zaren da ake samu daga bawon karan lalo, wannan lalon dai da muke miya da ganyensa. A Bangladesh da Indiya ana barinsa ya yi tsawo ya fi mutum, a yanke, a jiƙa shi a ruwa har bawon ya saki, sannan a ɓare zaren a wanke a shanya. Waɗannan ƙasashe biyu su ne kan gaba wajen nomansa a duniya.

Ta yaya masaƙun suka koma hannun gwamnati?

Kafin yaƙin 'yanci na 1971, lokacin da Bangladesh take cikin ƙasar Pakistan, manyan masaƙun galibi na attajiran Yammacin Pakistan ne, ciki har da Adamjee da ke Narayanganj, wadda a zamaninta babu kamarta a duniya. Da yaƙi ya ƙare masu su suka tafi suka bar su. A watan Maris 1972 gwamnatin Sheikh Mujibur Rahman ta karɓe masaƙu sama da 70, ta danƙa su ga hukumar kula da masaƙun algarara ta ƙasar, wato BJMC. A ganina karɓar ba laifi ba ce a lokacin, domin ga injuna ga dubban ma'aikata babu mai kula da su.

To me ya jawo asarar da masaƙun suka yi ta yi daga baya?

Buhun leda ya ci kasuwa, wannan gaskiya ne, kuma injunan sun tsufa ba a sabunta su ba. Amma babban ciwon yana wajen sayen zare. Manoma suna kawo sabon zare kasuwa daga wajen Yuli zuwa Satumba, lokacin da yake da araha da kyau. A shekarun baya, a daidai lokacin BJMC kan kasance ba kuɗi a hannu, tana jiran gwamnati. Kafin kuɗin su fito 'yan kasuwa sun kwashe sun ɓoye, sai hukumar ta dawo ta saya a wurinsu da tsada. Masaƙar da ta sayi kayan aikinta a haka ta riga ta faɗi tun kafin a kunna inji. Ga kuma ɗaukar ma'aikata don siyasa, ga zarge-zargen almundahana.

Me gwamnatoci suka yi?

A 1982 gwamnatin Janar Ershad ta mayar da wasu masaƙun ga masu su na asali 'yan ƙasa. A Yuni 2002 aka rufe Adamjee, yanzu filinta yankin masana'antun kayan fitarwa ne. A Yuli 2020 gwamnatin Sheikh Hasina ta rufe masaƙu 25 da suka rage, ta sallami ma'aikatan dindindin kusan 25,000, daga baya aka fara ba 'yan kasuwa hayarsu.

Wa ya fi shan wahala?

Ma'aikatan masaƙun. A Disamba 2019 ma'aikata a birnin Khulna sun yi yajin cin abinci cikin sanyi suna neman bashin albashinsu da sabon tsarin biya. Ba su ne suka jinkirta sayen zare ba, amma su aka tura gida. Na dindindin an yi musu alkawarin kuɗin sallama. 'Yan wucin gadi, masu jiran a kira su idan wani bai zo ba, sun fi kowa shiga halin ni-'yasu.

Sana'ar ta mutu ke nan?

A'a. Masaƙun 'yan kasuwa suna aiki suna fitar da kaya waje, kuma dokar 2010 ta wajabta zuba kaya irin su shinkafa da taki a buhun algarara.