Takardar bashi a tsohon adireshi: waiwaye kan asirin da ake tonawa ta gidan waya

A Ingila da Amurka ƙorafin nan ya daɗe yana yawo: mutum ya tashi daga gida shekara da shekaru, amma bankin da ya ba shi katin bashi na nan yana ta aika takardun neman kuɗi can tsohon gidan, wanda ya tare shi ke karɓa, wani ya maida, wani ya zubar, wani kuma ya buɗe ya karanta ya ga sunanka da nawa ake bin ka da tun yaushe ka daina biya. Kai kuma mai bashin ba ka ma san ana neman ka ba, ruwa na ta hawa.

Abin ba yau ya fara ba, tun haihuwar katin yake tare da gidan waya. Katin Diners Club ya fito a 1950 a Amurka, amma wanda ya buɗe ƙofar gaske shi ne Bank of America a 1958, da ya ɗauki kati wajen 60,000 ya aika wa mutanen garin Fresno ba tare da kowa ya nema ba, wannan katin ne ya koma Visa a 1976. Sauran bankuna suka bi sahu, a Shikago a 1966 an watsa miliyoyin kati ta gidan waya, wasu suka je hannun yara, wasu da sunan matattu, ɓarayi kuma suka yi ta kwasa daga akwatunan mutane suna cin bashi da sunan wasu. Sai a 1970 aka hana aika kati ga wanda bai nema ba. To an gyara hanyar tura kati, amma takardar neman biya ta ci gaba da bin adireshin da ke rubuce a littafin banki ko da mai shi ya tashi.

A 1977 Amurka ta yi dokar masu karɓar bashi, kuma gsky akwai hikima a cikinta. Ta hana su aika takarda a buɗe, ta hana rubuta wani abu a bayan ambulan da zai nuna maganar bashi ce, kuma in suna neman inda mutum ya koma suna iya tambayar maƙwabci amma ba su da izinin ce masa ai kuɗi muke bin shi. Wato tun lokacin sun gane cewa tona asirin mai bashi wata cuta ce daban, bashin bai halatta ta ba.

Turai ta biyo ta wata hanya, ta tsoron kwamfuta. Jihar Hesse a Jamus ta yi dokar kare bayanai a 1970, Faransa kuma bayan hayaniyar da aka yi a 1974 kan shirin SAFARI na haɗa bayanan 'yan ƙasa wuri guda, ta fito da dokarta ranar 6 ga Janairu 1978 ta kafa hukumar kare bayanai ta CNIL. Daga nan har zuwa GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki 25 ga Mayu 2018, wadda ta ce dole bayanan da kamfani ke riƙe su zama daidai kuma a riƙa sabunta su, mutum na da haƙƙin sa a gyara, tarar kuma na iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A Ingila dokar bashi ta 1974 ta tilasta wa mai ba da bashi ya aika takardar gargaɗi kafin ya ɗauki mataki, kuma ta yarda ya aika ta adireshin ƙarshe da ya sani. Banki sai ya ce ni doka na bi, kai ne ba ka sanar da ni ka tashi ba. Wani lokacin gaskiyarsa ce, ba musu. Amma sau da yawa takardun sun dawo masa da rubutun cewa mutumin ba ya nan kuma ya ci gaba da aikawa, ko a sayar da bashin ga wani kamfani tare da tsohon adireshin, shi ma ya sayar gaba, har a kai kotu a yanke hukunci mutum bai ji bai gani ba, tabon ya zauna a tarihinsa na bashi shekara 6, sai ya je neman haya ko wani rance ya tarar an rufe masa ƙofa. Ni nan ne nake ganin laifin ya koma kan banki, domin wanda takardarsa ta dawo ai ya san adireshin ya mutu.

Wani zai ce mu nan Damagaram ina ruwanmu, katunan da ke aljihunmu yawanci na cire albashi ne ba na bashi ba, kuma wa ke kawo maka wasiƙa har ƙofar gida a Birni ko Zango? Wlh da ruwanmu. Mu adireshinmu akwatin gidan waya ne, kuma yawancin ma'aikata akwatin biro suke bayarwa ranar buɗe asusu. Mushen lakkol ya ci bashin banki kan albashi, a maida shi Gure ko Tanut, takarda ta zo tsohon wurin aiki ta bi hannu uku huɗu kafin a tuna inda yake, in ma ba a buɗe ba kowa ya ga tambarin banki ya fara lissafi. Na biyu kuma shi ya fi muni, nimeron salula. Ka bar layi ya daɗe ba aiki, kamfani ya karɓe ya sayar wa wani, saƙon tunin bashi ya riƙa shiga wayar baƙo, a garin da kowa ya san kowa ko ya san gidan su wane. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma ba wanda ke son a karanta nasa a fada.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga ƙarshen abin, inda manhajojin bashi suka riƙa kwasar lambobin da ke cikin wayar mutum suna tura wa surukai da abokan aiki cewa wane ɓarawo ne. A 2021 NITDA, hukumar kula da fasahar sadarwa ta Najeriya, ta ci tarar ɗaya daga cikinsu naira miliyan 10, a 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane.

Doka kam muna da ita. CEDEAO ta yi yarjejeniyar kare bayanai a 2010 lokacin muna ciki, Nijar ta yi tata a Mayun 2017, wadda ta haifar da hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP a Yamai, aka sake sabuwa a Disamban 2022. Sannan tun 2016 ƙasashen UEMOA masu kuɗin CFA ke da ofishin tattara tarihin bashi ƙarƙashin kulawar babban bankinsu BCEAO, ma'ana jinkirin da ka yi saboda saƙo bai iso ka ba yana iya bin ka zuwa wani banki. Shi ya sa duk wanda aka canja wa wurin aiki ko ya sauya layi, dan Allah ya je banki da kansa ya sa a gyara a rubuce ya riƙe kofi mai hatimi, in kuma aka ci gaba da aikawa can bayan haka, da wannan takardar zai kai kuka HAPDP.