Kare Ya Ciji Ɗana: Wa Zai Biya, Wa Za A Hukunta?

Cizon kare na cikin abubuwan da ke raba maƙwabta. Uba yana tsaye da yaro jina-jina, mai kare yana rantsuwa cewa karensa bai taɓa taɓa kowa ba, jama'a kuma sun ɗauko sanduna. Ga tambayoyin da ke tasowa a irin wannan rana.

Me za a fara yi, tun kafin a yi maganar kotu?

A wanke ciwon da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar don a fara allurar riga-kafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Yara ne suka fi shiga haɗarin, saboda sau da yawa yaro kan ɓoye cizon don tsoron faɗa.

Kada a yi gaggawar kashe karen a jefar. A sa a ɗaure shi, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10. In kuwa an riga an kashe shi, likitan na iya aika kansa ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. A ɗauki hoton raunin, a ajiye katin asibiti da duk wani rasit, a riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

Mene ne bambancin neman diyya da shari'ar laifi?

A neman diyya, kai da aka cuta kai ne mai ƙara, abin da kake nema kuwa kuɗi ne: na magani, na kwanakin da ba ka fita nema ba, na azabar da ka sha da tabon da ya rage. Ya isa ka nuna wa alƙali cewa maganarka ta fi ta abokin shari'arka rinjaye.

Shari'ar laifi kuma ta hukuma ce. 'Yan sanda ne ke bincike, mai gabatar da ƙara ya tsaya a kotu, sakamakon kuma tara ne ko ɗauri. A nan dole a tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Shi ya sa za a iya sallamar mai kare a shari'ar laifi, amma a sa shi biyan diyya a ɗaya shari'ar, kuma babu cin karo a cikin haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayyar Najeriya ta 2015 ta ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta.

Mai karen ya ce karensa bai taɓa cizo ba. Wannan ya wanke shi?

A nan ne yawancin shari'o'in ke tsayawa ko su faɗi. Najeriya ta gaji ƙa'idar Ingila da ta raba dabbobi gida biyu. Namun daji, irin su kura da zaki, wanda ya ajiye su shi ke ɗaukar duk ɓarnarsu, ba a tambayarsa ko ya san halinsu. Kare kuwa dabbar gida ce, don haka sai an nuna cewa mai shi ya san yana da halin afka wa mutane. Ba lallai ne ya taɓa fasa fatar wani ba. In ya saba kai wa mutane cafka, maigidan kuma ya sani, ya wadatar. Da zarar an tabbatar da wannan sanin, cewar "ai na ɗaure shi, tsinkewa ya yi" ba za ta fisshe shi ba.

Akwai shari'ar da ɗaliban lauya ke karantawa, ta Daryani da Njoku, wadda aka yanke a Legas a 1965. Karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan, aka kuma gaya wa matar gida. Da ya sake cizon wani, kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin mijin, ta ɗora masa alhaki.

Ko da ba a iya tabbatar da sanin ba, akwai ƙofar sakaci. Wanda ya bar ƙofa a buɗe da ƙaton kare a sake, lokacin da yara ke tasowa daga makarantar allo, ya gaza yin abin da mai hankali zai yi.

Saboda haka ne nake jin takaicin yadda muke yi da cizo na farko. Kare ya yaga wa yaro wando, a ce "ba komai, Allah ya tsare gaba", a rufe maganar don kunyar maƙwabtaka. Ranar da ya yi babbar ɓarna, babu wanda zai iya tsayawa ya ce an taɓa gaya wa mai shi. Ka je ka same shi cikin mutunci da mutum biyu, ko ku je gaban mai unguwa. Wannan gargaɗin shi ne shaidarka gobe, sau da yawa ma shi ke sa a sayo sarƙa tun yau.

Me fiƙihun Malikiyya ya ce?

Asalin hukunci shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa raunin da dabba ta yi don kanta babu lamuni a kansa. Amma malamai sun fitar da kare mai cizo daga wannan sassauci. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, an ambaci wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an yi masa gargaɗi: in ya ajiye shi ne da nufin cutar da wani mutum takamaimai, mutumin kuma ya halaka, hukuncin ƙisasi ne, in ba haka ba, diyya ce. Dubi yadda hanyoyin biyu suka haɗu a wuri guda. Alƙalin kotun shari'ar Musulunci da na babbar kotu duk za su tambaya: an gaya masa? Ya sani?

A Jamhuriyar Nijar ma haka ne?

A'a, can ta fi tsanani a kan mai dabba. Nijar ta gaji kundin dokokin hulɗar jama'a na Faransa, wanda sashensa na 1385 ya ɗora ɓarnar dabba a kan mai ita ko wanda ke amfani da ita, tana hannunsa ko ta ɓata ko ta kuɓuce. Mutumin Maraɗi ba ya buƙatar nuna cewa karen ya taɓa cizo, saɓanin ɗan uwansa na Katsina.

Yaushe abin ke zama laifin da zai kai mutum gidan yari?

Idan mutum ya cuna wa wani kare da gangan, doka na kallon karen kamar sanda ko wuƙa a hannunsa, laifin jikkata mutum ne kai tsaye. Idan sakaci ne, kundin dokokin laifuka na jihohin Arewacin Najeriya, wato Penal Code, yana hukunta wanda ya jawo wa wani rauni ko mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci. A Kudu, sashe na 304 na nasu kundin, wato Criminal Code, ya wajabta wa duk mai riƙe da abu mai haɗari, mai rai ko marar rai, ya ɗauki matakin kare jama'a daga gare shi. In rai ya salwanta, sakacin kuma ya yi muni, tuhumar na iya kaiwa ga kisan kai ba da niyya ba.

Idan ɓarawo ne ya haura katanga fa, ko wanda aka ciza ne ya tsokani karen?

Wanda ya haura gidan mutane da dare, da wuya kotu ta ba shi ko sisi. Babban mutum da ya yi ta jifan kare har ya juyo kansa, shi ma ya raunana ƙararsa. Yaro ƙarami ba a auna shi da ma'aunin babba. Rubuta "akwai kare" a jikin ƙofa yana taimakon maigida, amma ba ya ba shi lasisin sakin kare a kan baƙon da ya yi sallama, ko mai kawo ruwa, ko almajirin da bai iya karanta boko ba.

Karen maigidan ne, amma yana hannun maigadi. Wa za a kai ƙara?

Ana bin wanda ke riƙe da karen da wanda ke da iko a kansa. Galibi maigidan ne, tunda maigadin aikinsa yake yi. Karen da ke yawo ba mai shi kuwa, babu wanda za a kama, sai dai a sanar da sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.

Sulhu ya fi, ko kotu?

In raunin ƙarami ne, mai karen kuma ya amsa, sulhu ya fi sauri, ya fi kuma rufin asiri. Sai dai a rubuta shi a gaban shaidu: zai biya kuɗin allurai duka har zuwa ta ƙarshe, zai kai karen a yi masa riga-kafi, zai riƙa ɗaure shi. Kada a karɓi kuɗi a yafe tun likita bai gama faɗin girman raunin ba. In ya ƙi, a nemi lauya da wuri, domin ƙarar neman diyyar rauni tana da wa'adin da dokar kowace jiha ta ƙayyade. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin Legal Aid Council, hukumar taimaka wa marasa hali da lauya, na jiharsa.