Mene ne jaririn gungun galaksi?

Galaksi, wato babban tarin taurari, ba ta cika zama ita kaɗai ba. Ƙarfin janyowa yana tara su rukuni-rukuni, kuma mafi girman irin wannan taro shi ake kira gungu: ɗaruruwa ko dubban galaksi da suka riƙe juna, kowacce da miliyoyi ko biliyoyin taurarinta. Gungun Koma, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan 320 kafin ya iso mana, yana da galaksi fiye da 1,000. Gungu irin wannan kuwa ba dare ɗaya yake haɗuwa ba. Da farko wani yanki ne kawai na sararin samaniya inda galaksi suka ɗan fi yawa, suna warwatse, ba su gama faɗowa wuri guda ba. Wannan matakin ne masana ke kira furotokulasta, wato jaririn gungu.

Ana iya ganinsa ne saboda haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Sararin samaniya yana da shekara kusan biliyan 13.8, don haka duk wanda ya hango abin da haskensa ya yi shekara biliyan 12 a hanya, yana kallon yadda abin yake tun wancan zamani. Kuma da yake sararin yana ta faɗaɗa, hasken yana miƙewa a hanya, ya karkata zuwa ja. Da girman wannan karkatar ake auna nisa.

Matsalar ita ce jaririn gungu ba shi da alamomin babba. Cikakken gungu cike yake da iskar gas mai zafin digiri miliyoyi da ke fitar da hasken eksire, galaksinsa tsofaffi ne jajaye, kuma gas ɗin yana barin tabo a tsohon hasken da ya rage daga Babbar Fashewa, wato farkon faɗaɗar sararin samaniya, kamar yadda Rashid Sunyaev da Yakov Zeldovich suka yi hasashe a wajen 1970. Jaririn kuwa gas ɗinsa bai gama zafi ba, 'ya'yansa suna bazu a fili mai faɗin gaske, sun cakuɗe a hoto da wasu galaksi na gaba da na baya da babu abin da ya haɗa su. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an auna nisan kowacce kafin a ce tare suke.

Shi ya sa masu nema suka daɗe suna bin dabarar neman fitila. Sukan nemi wata ƙatuwar galaksi mai fitar da igiyar rediyo, su bincika kewayenta, domin manya sun fi tasowa inda abu ya taru. Haka aka gano jaririn gungun da ke kewaye da galaksin da ake wa laƙabi da Yanar Gizo-gizo, wanda muke gani yadda yake fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce. A 2023 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke hamadar Atakama a Chile ta gano gas mai zafi ya fara taruwa a cikinsa. Dabarar tana aiki, amma a ganina tana da nakasu babba: wanda ba shi da fitila a tsakiyarsa sai a wuce shi.

Wata hanyar ita ce bin hasken ƙurar da ke cikin galaksi masu haifar taurari. Na'urar hangen nesa da ke can ƙarshen kudancin duniya, a Antaktika, ta ga wani ɗigo mai haske, aka sa masa suna SPT2349-56. Da ALMA ta duba, sai ga galaksi 14 cunkushe wuri guda suna haifar taurari da gaggawa, lokacin sararin samaniya yana da shekara biliyan 1.4 kacal. An bayyana wannan a 2018, kuma ya ba masana mamaki, don ba su zaci taro ya haɗu haka da wuri ba.

Na'urar hangen nesa ta James Webb, da aka harba sararin samaniya a ƙarshen 2021, ta ƙara tura iyakar baya. A 2023 ta tabbatar da galaksi bakwai da ke tare shekara miliyan 650 bayan Babbar Fashewa. An samu ganinsu ne da taimakon gungun Abell 2744 da ke gabansu, wanda nauyinsa ya lanƙwasa haskensu ya ƙara masa ƙarfi. Lissafi ya nuna za su iya girma su kai irin Koma.

A lura da "za su iya" ɗin nan. Kiran abu jaririn gungu hasashe ne kan makomarsa, ba wanda zai zauna ya ga ya girma. Ana kwatanta yawan galaksin da aka gani ne da abin da kwamfuta ta kwaikwaya, kuma wasu tarukan ƙila su tsaya a ƙaramin rukuni.

Duk da haka neman ya cancanci wahalarsa. Mafi yawan nauyin gungu ɓoyayyen abu ne da ba ya fitar da haske, wanda Fritz Zwicky ya fara zargin samuwarsa a Koma tun 1933, kuma saurin haɗuwar jariran gungu gwaji ne ga abin da ake zato game da shi. A nan ne kuma ake sa ran gano dalilin da ya sa galaksin cikin gungu ke daina haifar taurari tun da wuri, alhali na gefe suna ci gaba.