Gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi don zaman iyali

Gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi don zaman iyali aiki ne na ɗaukar ginin da ya daɗe a yashe, ko wanda ya fara zama kango, a farfaɗo da shi har mutane su koma kwana da tashi a cikinsa, ba tare da an shafe abin da ya ba shi daraja ba. Wani ginin tun asali gida ne, wani kuwa an gina shi ne don wata buƙata dabam, kamar rumbun hatsi, masaƙa, majami'a, makaranta ko tashar jirgin ƙasa. Abin da ya raba wannan aiki da kwaskwarimar gida ta yau da kullum shi ne, mai gyaran yana ɗauke da nauyi biyu: na iyalin da ke son ruwan famfo da lantarki da banɗaki, da na ginin da aka yi tun kafin a san waɗannan abubuwa. Masana adana gine-gine sun daɗe da lura cewa ginin da ake zaune a cikinsa ya fi wanda aka rufe daɗewa, domin mazauni ne ke fara ganin yoyo tun yana ɗigo.

Asalin tunanin

Ƙa'idojin da ake bi a yau sun samo tushe ne daga wata jayayya ta ƙarni na 19 a Turai. A Faransa, mai zanen gine-gine Eugène Viollet-le-Duc, wanda ya gyara ganuwar birnin Carcassonne da babbar majami'ar Notre-Dame ta Faris, yana ganin ya halatta a mayar da gini zuwa wata cikakkiyar siffa, ko da kuwa bai taɓa kasancewa a wannan siffar ba a tarihinsa. A Ingila marubuci John Ruskin ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin ƙarya da rushewa a fakaice. William Morris ya bi sahunsa, ya kafa Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-gine, wadda aka fi sani da SPAB, a 1877, bisa aƙidar cewa a riƙa kula da gini kullum, a toshe ɓaraka idan ta bayyana, a daina kankare abin da shekaru suka bari a jikinsa.

Ra'ayin su Morris ne ya rinjayi takardun ƙasa da ƙasa da suka biyo baya. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta amince cewa yin amfani da tsohon gini don wata buƙata mai amfani ga jama'a yana taimaka wa adana shi, da sharaɗin kada a sauya tsarinsa da adonsa, ta kuma ce duk abin da aka ƙara sabo ya dace da tsohon amma a iya bambanta su. Yarjejeniyar Burra ta Ostireliya, ta 1979, ta taƙaita batun da cewa a yi iya abin da ya wajaba, a kuma taɓa ginin kaɗan gwargwadon iko. Takardun nan an rubuta su ne da manyan wuraren tarihi a zuciya, sai dai su ne ma'aunin da jami'an adana gine-gine ke ɗorawa a kan mai gida idan ya zo neman izinin fasa bango.

Yadda yasasshen gini ke lalacewa

Ruwa ne babban mai kashe gini, kuma kusan kullum daga sama yake farawa. Indararo ya toshe da ganye, ko fale-falen rufi guda ɗaya ya zame, sai ruwan sama ya riƙa sauka cikin bango shekara da shekaru. Daga nan bakin katakon da ke ɗauke da rufi da daɓen bene, wato inda aka cusa shi cikin bango, ya jiƙe ya ruɓe. Idan danshin katako ya wuce kimanin kashi 20 cikin 100, naman gwari mai cin itace yana samun wurin zama, kuma nau'in da ake kira Serpula lacrymans yana iya ratsa ginin bulo ya kai ga katakon da ke wani ɗakin. A ƙasashe masu zafi gara ce ke yin wannan ɓarna, a masu sanyi kuwa ruwan da ya shige cikin dutse yana daskarewa ya kumbura ya farfasa shi. Saiwar bishiya da ta tsiro a tsagar bango tana buɗe ta, ƙarfen da aka binne cikin gini yana tsatsa ya tura dutse waje, ɓarayi kuma suna kwashe dalmar rufi da ƙofofi da duk abin da zai sayu.

Saboda haka aikin farko shi ne a hana ruwa shiga, ko da da rufin wucin gadi ne, a tokare abin da ke neman faɗuwa, sa'an nan a buɗe ginin ya sha iska. Bango mai kauri da ya daɗe a jiƙe yana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya bushe, kuma wanda ya yi gaggawar shafe shi da fenti zai ga fentin yana ɓamɓarowa kafin ya gama biyan masu aiki. A wannan lokacin jira ne ake auna ginin, a ɗauki hotunansa, a binciki tsofaffin taswirori da takardun mallaka, domin a san wane sashe ne na asali, wane ne aka ƙara daga baya. Ba kowace karkata ce alamar haɗari ba. Akwai bangon da ya karkata tun shekaru ɗari biyu da suka wuce ya tsaya a haka, don haka injiniya yakan sa wa tsaga alama ya riƙa aunawa na wani lokaci kafin ya yanke hukunci ko tana ƙaruwa.

Farar ƙasa da siminti

Kuskuren da ya fi yawa a wannan fage ya shafi kayan haɗa gini. Kafin siminti ya yaɗu, ana haɗa duwatsu da tubala da kwaɓin farar ƙasa ko da laka. Farar ƙasar gini ana samun ta ne ta hanyar ƙona dutsenta a zafin da ya kai kimanin digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, a jiƙa ta da ruwa, a haɗa da yashi. Bayan an yi gini da ita takan taurare a hankali tana zuƙar iskar kabon daga sarari. Tana da laushi, kuma danshi na ratsa ta, don haka bangon da aka yi da ita yakan sha ruwa lokacin ruwan sama ya fitar da shi idan rana ta fito, yana kuma ɗan motsawa ba tare da ya tsage ba.

Simintin zamani, wanda Joseph Aspdin na birnin Leeds ya yi wa rajistar mallaka a 1824, ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, yana saurin kamawa, kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Waɗannan siffofi alheri ne ga sabon gini, amma ga tsoho cuta ce. Idan aka shafe tsohon bango da siminti, ruwa zai shiga ta ƙananan tsagogi ya rasa hanyar fita, kamar jikin da aka naɗe da leda a ranar zafi, sai ya taru a ciki ya ruɓar da katako. Idan aka cike tsakanin tsofaffin tubala da shi, danshi da gishirin ƙasa za su koma fita ta jikin tubalin da ya fi laushi, har fuskar tubalin ta zube a bar simintin a tsaye. Ginin ƙasa ya fi kowane shan wahala a nan, domin yakan narke a bayan shafen siminti ba tare da an gani ba, sai ranar da shafen ya faɗo gaba ɗaya. Shi ya sa masu gyara da yawa suke fara aikinsu da cire simintin da magabatansu suka shafa a ƙarni na 20, kuma a wasu gidajen wannan kaɗai ya isa ya kawar da danshin da aka yi shekaru ana fama da shi.

Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce a gyara abu da irinsa. Katakon da bakinsa ya ruɓe ana yanke ruɓaɓɓen a ɗora sabon yanki, a bar lafiyayyen. Haka ma tagogi: tsohon katakon taga sau da yawa daga bishiyar da ta girma a hankali aka yanko shi, ya fi na kasuwar yau ƙwari, kuma musanya shi da tagar roba yana sauya fuskar gida fiye da kowane abu. Wahalar ita ce maginan da suka iya aikin farar ƙasa da kafintocin da suka iya irin wannan ɗori ba su da yawa, ladansu kuma yana da tsada.

Shigar da rayuwar yau cikin tsohon tsari

Ɗakin girki da banɗaki su ne suka fi cin gini, saboda bututun ruwa da na kazanta da tururin da suke fitarwa. Gwanayen masu zane sukan kai su sashen da ba shi da ado mai daraja, ko su gina ɗan ƙari a baya, su bi da wayoyi da bututu ta ƙarƙashin daɓe da tsofaffin hanyoyin hayaƙi maimakon sassaƙe bango. Ginin da ba gida ba ne tun asali ya fi wuya. Darajar majami'a ko rumbu tana cikin faɗin sararinsa da tsayin rufinsa, iyali kuwa na buƙatar ɗakunan kwana masu ƙofa. Wanda ya yanyanka sararin gaba ɗaya ya sami ɗakuna amma ya kashe abin da ya saya. Dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a tara ɗakunan a gefe ɗaya, a bar babban sashe a buɗe har sama, a kuma gina sabon ta yadda za a iya cire shi wata rana ba tare da an raunata tsohon ba.

Akwai kuma haɗarin lafiya. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje a 1978, Birtaniya ta haramta asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa kayan gini wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, gaba ɗaya a 1999, don haka duk ginin da ya girme waɗannan shekaru ana zaton yana ɗauke da su har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ƙurar fentin dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara, abin da ya sa zama da yara a gidan da ake kankarewa ganganci ne.

Doka da kuɗi

Dokoki sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila an fara sa gine-gine cikin jerin kariya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma jerin yana da kimanin shigarwa 400,000 a matakai uku, I da II* da II, fiye da kashi 90 cikin 100 a mataki na II. Sauya irin wannan gini ba tare da izini ba, ciki ko waje, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, haka ma taɓa mazaunin jemagu da suka tare a rufinsa. A Faransa dokar Malraux ta 1962 ta kare unguwanni sukutum, kuma aikin da ke kusa da ginin tarihi, a da'irar mita 500, yana bi ta hannun jami'in gwamnati mai kula da gine-gine. A Amurka shiga rajistar ƙasa ta wuraren tarihi da dokar 1966 ta kafa ba ya ɗaure hannun mai gida da kansa, dokokin birane ne ke yin haka, kuma rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin 100 na gine-ginen da ke kawo kuɗin shiga ne, bai shafi gidan da mutum ke zaune a ciki ba.

Ta fuskar kuɗi, farashin saye shi ne ƙaramin sashe. Ainihin ɓarnar ba ta bayyana sai an ɗaga daɓe an cire shafe, bankuna ba sa son ba da lamuni a kan gidan da ba shi da rufi, kuma a wurare da dama kuɗin gyara ya fi abin da gidan zai sayu bayan an gama. A Birtaniya tsarin haraji ma yana ƙara nauyin, tunda sabon gida ba a ɗora masa harajin kaya na VAT, gyaran tsoho kuwa a bisa ƙa'ida ana biyan kashi 20 cikin 100, sai dai ragin da ake yi wa gidan da ya yi shekara biyu babu kowa da ginin da aka mayar gida.

Wannan giɓi tsakanin kuɗin gyara da farashin gidan ne ya haifar da shirye-shiryen sayar da gida da kuɗi na jeka-na-yi-ka. Birnin Baltimore ya sayar da yasassun gidaje a kan dala ɗaya a shekarun 1970, Liverpool ta yi haka a kan fam ɗaya daga 2013. A tsibirin Sisili na Italiya, garin Salemi ya fito da shirin gida a kan yuro ɗaya a 2008, Sambuca kuma ta yi gwanjon da ya fara daga yuro ɗaya a 2019, da sharaɗin ajiye kuɗin jingina da kammala gyara cikin shekara uku. Garuruwan biyu suna yankin da girgizar ƙasa ta 1968 ta yi wa ɓarna, matasansu kuma sun ƙaura. Japan ma tana da babbar matsala: ƙidayar 2023 ta sami gidaje kimanin miliyan 9 babu kowa a ciki, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke da darajar tarihi, kuma ƙananan hukumomi da yawa suna buga jerin waɗanda ake neman masu ɗauka.

Manyan gidajen da suka fi ƙarfin iyali ɗaya suna da tasu hanyar. Bayan Birtaniya ta yi asarar ɗaruruwan manyan gidajen karkara a tsakiyar ƙarni na 20, mai gyara Kit Martin ya shahara daga ƙarshen shekarun 1970 da raba irin waɗannan gidaje a tsaye, daga ƙasa zuwa rufi, ta yadda kowane iyali zai sami ƙofarsa da benensa, manyan ɗakuna kuma su tsira ba a yanka su ba.

Sukar da ake yi wa harkar ta fi fitowa a birane. Idan masu hali suka gano wata tsohuwar unguwa suka fara gyara, kuɗin haya yakan tashi har ya kori mutanen da suka riƙe ta a lokacin da babu mai so. Haka ya faru a unguwar SoHo ta New York, inda masu zane-zane suka tare a tsofaffin ɗakunan masana'antu tun shekarun 1960 kafin tsada ta fitar da yawancinsu, da kuma tsohon birnin Marrakesh, inda baƙi suka sayi gidaje masu tsakar gida da yawa suka mayar da su masaukin 'yan yawon buɗe ido. Domin rage wannan, wasu hukumomi suna sa sharaɗin zama: a shirin Liverpool an sharɗanta wa mai saye ya zauna a gidan da kansa na aƙalla shekara biyar kafin ya sayar.